Mai Haƙuri Shi Ke Dafa Dutse: Imani da Jimiri Wajen Raya Wasan Unguwa

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai, a birnin Katsina



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina gode wa shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni dama in tsaya gaban waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sani. Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa shi ne wasan kwaikwayon nan mai waƙa da kiɗa wanda aka daɗe ana ɗagawa, da dalilin da ya sa kwamitinmu yake roƙon a sake ɗaukarsa. Na san akwai waɗanda suka gaji da jin labarinsa, har wasu sun laƙaba masa "sai baɗi". Ba su yi laifi ba. Amma ina roƙon su ba ni aron kunnuwansu na ɗan lokaci, domin abin da za a yanke yau shi ne zai nuna ko wasan nan zai rayu ko kuwa mu ne za mu yi masa sutura.

Asalin wasan

Saboda waɗanda ba su daɗe da shigowa ba, bari in ɗan koma baya. Kafin zuwan annobar korona, waɗansu yayyenmu na wannan ƙungiya suka haɗa kai da samari da 'yammatan wata unguwa ta cikin birni, suka tsara wasa na kansu. Ba daga littafi suka ɗauko shi ba, ba kuma fim ɗin Indiya suka kwaikwaya ba. Labarin ɗan wani marini ne wanda ya yi karatun zamani, ya raina sana'ar ubansa, ya tafi neman aikin ofis, ya komo bayan shekaru ya tarar an cike karofin gidansu da shara. Waƙoƙi goma sha biyu aka shirya masa, kowace da amshinta, ana raka su da kalangu da ganga da kiɗan ƙwarya, har da wata da aka ɗora a kan sautin bugun mabuga. Ɗalibai suka rubuta maganganun, 'yan unguwa suka sa wa waƙoƙin kari, wata dattijuwa ta koya wa 'yammata salon waƙar niƙa da ta daɓe, telan unguwa ya ɗinka kayan bashi. Aka sa rana, aka gaya wa mai unguwa. Har yau ɗin nan ba a yi wasan ba.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu suka ƙago. Haɗa kwaikwayo da waƙa da kiɗa abu ne da Bahaushe ya gada. Idan azumi ya kai kwana goma, yara da samari sukan fito tashe, kowane rukuni da shigarsa da waƙarsa da amshinsa. Mai yin Jatau Mai Magani ya rataya saiwoyi da layu yana tallar magungunansa, 'yammata su yi Mairama da Daudu suna kwatanta zaman aure, a kuma ɗaure gwauro da igiya a zaga da shi gari. A ƙauyuka kuwa, bayan an kau da amfanin gona, akan yi kalankuwa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, su kwaikwayi mulki har manya su ga kansu a madubi. Daga baya masu ilmin zamani suka mai da wasa rubutacce, kamar Abubakar Tunau mai Wasan Marafa, da Shu'aibu Maƙarfi mai Jatau Na Kyallu, da ɗan garin nan Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, mai Kulɓa Na Ɓarna. Yayyenmu sun tsaya ne tsakanin waɗannan gidaje biyu, suka ɗauki alƙalami daga ɗaya, suka ɗauki ganga daga ɗaya.

Abin da ya tsai da shi

To, me ya hana? A watan Maris na 1 ga wannan jerin masifu, watau na shekarar 2020, aka rufe makarantu saboda korona, aka hana taro. A cikin wannan wata kuma malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai a Disamba. A Disambar nan ce aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma tun daga nan uba ba ya sakin jiki ya bar 'yarsa ta fita gwajin wasa bayan magariba, ko da a cikin birni ne. Wa zai ga laifinsa? Aka ɗan farfaɗo, sai wani yajin aikin ya zo a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, sai ga ɗan abin da aka tara don hayar lasifika da kujeru ya koma bai isa ko na kujerun ba.

Ba ɓatar lokaci kaɗai jinkiri ya jawo mana ba, mutane ya cinye. Waɗanda suka rubuta wasan sun gama karatu, sun tafi bautar ƙasa, wasu sun sami aiki a nesa. Yawancin 'yammatan amshi suna ɗakunan mazajensu. Dattijuwar nan Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Da kwamiti ya buɗe akwatin ƙungiya, ya tarar da kalmomin waƙoƙin nan goma sha biyu a rubuce, ba abin da ya ɓace. Amma da aka tara waɗanda suka saura aka ce su rera, bakwai kaɗai suka fito daidai. Sauran biyar ɗin, kowa da yadda yake tunawa. Takarda ta riƙe kalmomi, ba ta riƙe kari ba.

Darasi daga Shaihu Umar

Domin kada mu karaya, bari in kawo labarin wani aikin da ya fi namu daɗewa a ɓoye, wanda kuma yake da dangantaka da wannan gari namu. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda gininta ya zama gidan adana kayan tarihi, ita ce ta horar da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. A shekarar da ya gama, Rupert East na hukumar fassara da talifi ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934.

Shi kansa labarin, na haƙuri ne da dogara ga Allah. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta, aka kai ta har Tarabulus, ba su sadu ba sai dab da ajalinta. Daga ƙarshe Umar ya komo ƙasar Hausa, ya zauna a Rauta yana karantarwa.

An kashe mawallafin a juyin mulkin Janairu 1966, amma littafin bai mutu tare da shi ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandamali, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa, aka nuna shi a lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda aka yi a Ikko a 1977. Daga nan sai fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Aka yi shekaru ana ambatonsa a littattafai, ba wanda yake iya cewa ga inda za a gan shi, har mutane suka fid da rai. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa cikin tarin tsofaffin faya-fayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, shekara 40 bayan yinsa. Wata cibiya ta birnin Balin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin, a ƙasar Jamus, a Fabrairun 2018. Adamu Halilu bai ga wannan rana ba, ya riga mu gidan gaskiya.

Jama'a, abu biyu nake so mu ɗauka daga nan. Na farko, abin da aka yi shi da kyau, Allah ba Ya tozarta shi, ko da wanda ya shuka ba shi zai girba ba. Na biyu, wanda ya fi shafarmu, shi ne fim ɗin ya iya jiran shekara 40 domin a cikin gwangwani yake. Gwangwani ba ya aure, ba ya tafiya bautar ƙasa, ba ya mantuwa. Wasanmu kuwa a cikin ƙirazan mutane yake, da maƙogwaronsu, da tafin hannun makaɗi. Shekaru kaɗan sun ci mana waƙa biyar. In muka ce za mu yi irin jiran gwangwani, ranar da za mu waiwayo ba za mu tarar da kome ba sai takarda.

Dubi kuma bikin kamun kifi na Argungu, a Jihar Kebbi. An yi shi a 2009, aka dakata saboda rashin tsaro, ba a sake ba sai a Maris 2020. Da aka buga bindigar farawa, dubban masunta suka ruga cikin Matan Fada da gorunansu da homarsu, kamar jiya aka bari. Me ya sa? Domin biki aka dakatar, ba a dakatar da su ba. Duk shekarun nan masunci yana shiga ruwa neman abincin gidansa, yana kuma shiga da ɗansa. Abin da ake taɓawa kullum ba ya tsatsa.

Wane irin haƙuri?

A nan ne maganar imani ta shigo. Duk lokacin da aka ɗaga wasan nan, kalma ɗaya muke gaya wa juna, watau "a yi haƙuri, kome da lokacinsa". Gaskiya ne, kuma Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara. Korona ba mu muka kawo ta ba, yajin aiki ba mu muka kira shi ba. Amma malamanmu na zaure sun karantar da mu cewa haƙuri kashi uku ne, akwai haƙuri a kan abin da Allah Ya ƙaddaro na wahala, akwai haƙurin kamewa daga saɓo, akwai kuma haƙurin dawwama a kan aikin kirki. Mun ƙware a na farko. Na ukun ne ya fi wuya, domin shi ne na zuwa gwaji ranar da mutum huɗu kaɗai suka zo, da maimaita baiti ɗaya sau ashirin, da komawa ofis ɗin da aka ce maka ka dawo gobe.

Ku tuna Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Bayan dukan shekarun da ya yi yana baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu, bai fid da rai ba, kuma bai tsaya ga addu'a kaɗai ba, 'ya'yansa ya tura su koma su nemo labari. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi a kan tudu mutane suna yi masa dariya. Mun kuma san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Hausawa ma sun ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. To, amma ai dafawa aka ce. Wanda ya ɗora dutse a murhu ya koma ya kwanta, wuta ta mutu, ba romon da zai sha. Mai haƙurin da ake nufi shi ne wanda yake tsugune yana iza wuta, yana ƙara ruwa, hayaƙi yana shiga idonsa.

Akwai wata magana da ake yi a gefe, gara a fito da ita fili. Wasu 'yan'uwa suna ganin bai dace a haɗa sunan imani da wasan da ake kiɗa a cikinsa ba. Ba na raina wannan ra'ayi, kuma ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci. Sananne ne malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun zamanin da, kuma mutanen kirki suna nan a kowane ɓangare. Haka kuma ba a ɓoye yake ba cewa ɓata-gari sun shiga rigar tashe, har 'yan sanda suka hana shi a Kano a waɗansu shekarun nan saboda 'yan daba. Abin da wannan ke koya mana shi ne wasan da manya suka juya wa baya, ba ya mutuwa da mutuncinsa, hannun banza yake faɗawa. Saboda haka kwamiti ya ɗauki alkawari zai kai rubutun wasan gaban limamin unguwa da dattawa su duba, abin da suka ce a cire a cire. Ba za a yi gwaji a lokacin salla ba, ba za a kai dare ba, ba yarinyar da za ta shiga sai da yardar iyayenta, kuma wata uwa daga cikin unguwa za ta zauna a kowane gwaji. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba za a tilasta shi ba, ba kuma za a yi masa gori ba. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ya daɗe da sanin yadda ilmi da fasaha ke zama inuwa ɗaya.

Abin da muke roƙo

Shugaba, ga shawarwarin kwamiti a taƙaice.

Na ɗaya, kafin a yi maganar dandamali ko kujeru, a ceto waƙoƙin. A cikin wannan wata a bi duk wanda ya taɓa rera su, a ɗauki muryarsa da waya, a ajiye a wuri uku dabam-dabam. Matan da suka yi aure, 'yan'uwanmu mata za su same su a gidajensu da izinin mazajensu. Inda aka sami kari biyu ga waƙa ɗaya, a ɗauki duka biyun, makaɗa su zaɓa. Inda ya ɓace sarai, a sa sabo, a kuma faɗa wa jama'a sabo ne.

Na biyu, kowane matsayi a wasan a ba mutum biyu, ɗaya ɗalibi, ɗaya ɗan unguwa, kuma a fi ba 'yan aji ɗaya da aji biyu. Ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ya tafi, ɗan unguwa kuwa yana nan. In an sake rufe makaranta, Allah Ya kiyaye, gwaji ba zai tsaya ba.

Na uku, a tsai da rana ɗaya a mako, bayan la'asar, a riƙa haɗuwa ko mutum nawa suka zo. Da haka ɗaki yake tashi, tubali bisa tubali.

Na huɗu, a rage buri. Jiran babban zaure da babban baƙo da fitilu masu launi yana cikin abin da ya daɗa jinkirta mu. Filin makarantar firamare, da tabarmi, da hasken rana, sun ishe mu karon farko. Da babu gara ba daɗi, kuma kakanninmu ba su taɓa hayar lasifika don kalankuwa ba. In Allah Ya sa ya karɓu, sa'an nan mu nemi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha da abin nunawa a hannunmu.

Na biyar, a biya tela bashinsa kafin a sayi ko da allura, kuma ma'aji ya riƙa karanta lissafi a kowane taro. Aikin da aka gina a kan haƙƙin wani ba ya albarka.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, ba kuɗi kaɗai muke nema wurinku ba. Kun san yadda takarda take tafiya daga tebur zuwa tebur, kun san wadda take kwana a ƙarƙashin fayil. Ku nuna mana yadda ake rubuta takardar neman izini, da ƙofar da ake bi. In kuma wata rana irin wannan takarda ta yara ta zo teburinku, ku tuna mako ɗaya da za ta yi a wurinku yana iya zama shi ne makon da mai amshi za ta bar gari.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, wataƙila wani ya ce ƙasa tana cikin wannan hali, ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana sun sha wuya, mu kuwa muna zancen wasa. Amsata ita ce, yaran da za su tsaya a filin nan suna amshi, da ba su nan, wani wurin za su kasance, kuma ba mu san wanda zai tara su ba. Unguwar da ɗalibi da tela da makaɗi da liman suka zauna suka shirya abu ɗaya, ta san 'ya'yanta, ta san baƙonta. Wannan ma wani abu ne.

Yawancinmu da ke cikin kwamiti muna shekarar ƙarshe. Mai yiwuwa ne ranar da za a yi wasan nan muna wata jiha sanye da kakin bautar ƙasa, kamar yadda waɗanda suka rubuta shi ba su nan yau. Wannan bai dame mu ba. Abin da muke roƙo shi ne wannan taro ya amince a sa rana, a ce in Allah Ya yarda, sa'an nan a tashi a ɗaure raƙuma. Takardar rubuta suna tana bakin ƙofa wurin sakatare, gwajin farko kuwa ranar Asabar mai zuwa ne bayan la'asar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu haƙurin da ke tare da aiki.